Jar Tele Ta Baba Nomau

Ku samarin da ke zama a bencin rumfata kuna latsa salula, na ji abin da ɗayanku ya faɗa rannan. Wai sa wa tsohuwar tele dikodar ba aiki ba ne, kabil uku ne, rawaya da fari da ja, kowanne ka cusa shi a raminsa ka miƙa hannu a sallame ka. To, madalla. Ni Ilu mai tele, shekara talatin da ɗoriya ina shaƙar hayaƙin dalma a Magaria. A lakwal, makarantar boko, aji huɗu na yi, malaminmu da muke kira mushe ya gaya wa babana kaina ba na boko ba ne, kuma bai yi ƙarya ba. Amma bari in ba ku labarin wata tele da ba ta da ramin rawaya, ba ta da na fari, ba ta da na ja, sannan ku gaya mini inda za ku cusa naku.

A Damagaram na koyi aikin, wajen Maigida Abdu, Allah ya jiƙansa. Shekarar farko bai bar ni na taɓa bayan tele ba. Aikina in hura gawayi in ɗora ƙarfen dalma idan an ɗauke wuta, in share ƙura da gashin kaza, in riƙe madubi. Madubin nan ba ku san shi ba. Mai gyara a bayan tele yake aiki, hoto kuwa a gaba yake, don haka sai a kafa madubi yana kallon fuskarta daga inda yake tsugune. Ranar da na fara sa hannu, Maigida ya ce mini kwalbar tele tana kwana da wuta a cikinta ko an cire fis ɗinta daga soket tun jiya, sai an sauke ta da turnabis, wato sukudireba, mai mariƙin roba. Na ji da kunne ɗaya. Da ta ɗebe ni, a kan buhun gawayi na farka, bakina kamar na tauna ƙarfe. Maigida bai ko taso ba. Ya ce, “Yanzu kun gaisa.” Da zai sallame ni ya ba ni mita mai allura da ɓarin madubinsa. Su ne waɗancan a kan tebur. Rabin abin da na gani na duniya a cikin ɓarin madubin nan na gan shi, dama ta koma hagu.

Abin da ya ciyar da ni a shekarun kirki wani ɗan abu ne mai ƙafa uku, bai fi ƙwayar wake ba. Mu nan a bakin iyaka muke. Tele da aka saya a Kano, in ta kama tashar ƙasarmu sai ta nuna hoto ta yi gum, ba murya. Tamu ta nan kuwa in ka juya ta kudu, ka ga bakin 'yan wasan Kano yana motsi, amma sai huci take. Kowace ƙasa da hanyar da muryarta ke bi. Ɗan waken nan shi ne ƙofar murya, ɗaya an rubuta masa biyar da rabi, ɗaya shida da rabi. Sai in ƙara wa tele wanda ba ta da shi, ta koma jin harshe biyu kamar ɗan kasuwar Maigatari. Daga Waca, daga Mallawa, a kan jaki da amalanke ake kawo mini su, a naɗe cikin bargo kamar marasa lafiya.

Sai maganar tsaki. Ku da kuka buɗe ido kuka ga hoto tas ba ku san shi ba. A da, idan tasha ta yi nisa, fuskar tele cika take da ɗigo fari da baƙi suna tafasa, kamar ana sheƙar gero a rana. Shi muke kira tsaki. To a cikin tsakin nan mutane suke. Mutum ɗaya ya fita waje ya kama sandar anten yana juyawa, na ciki yana kallo. Sai ka ga inuwa ta taso a cikin tsaki, kamar matafiyi yana zuwa daga nesa cikin yayyafi, kafaɗa ta fito, hula ta fito, na ciki ya ce, “Ƙara kaɗan. Ya wuce, dawo. Tsaya nan.” Hannu na juyawa, ido na gani nan take. Haka kowane gida ya iya, daga nan har Dungas. Ni kaina nakan zauna da rana tsaka, ba tasha ba komai, in kunna tele in yi ta kallon tsaki. Wata rana in ga kamar garken shanu na ƙetare fadama, wata rana kamar kasuwa tana watsewa. Ba wanda ya biya ni wannan, kuma ban taɓa gajiya ba.

Jar tele ta Baba Nomau ta fara shigowa rumfar nan ina da sauran baƙin gashi. Ƙarama ce, baƙi da fari, mai mariƙi a ka kamar tukunyar miya, da batir ɗin mota take aiki. A bayanta rami ɗaya ne tak, na anten. Baba Nomau ɗan kokowa ne a zamaninsa, daga wani ƙauye tsakanin Dungas da Dogo-Dogo, kuma kowa cewa yake gasar kokowa ya ci aka ba shi ita a Damagaram. Lokacin yana cika ƙofa. Ya ajiye ta ya ce, “Yaro, a sa mata kunnen Kano.” Na sa mata ɗan wake mai biyar da rabi kusa da nata. Ya ba ni ladana har da ƙwaryar gyaɗa, ya ɗauke ta da yatsa biyu ya tafi.

Muguwar shekara ita ce wadda aka sauya hanyar aiko da hoto. An yi ta sanarwa, ba mu ɗauka da gaske ba. Rana ɗaya tsaki ya zama tsaki zalla, ka juya sanda har ka gaji ba inuwar kowa. Mutane suka yi ta kwaso mini tele wai ta lalace, ni kuma in buɗe in ga lafiyarta lau. Masu hali suka sayi shafaffiya ta bango da faranti a kan rufi, kuɗin bijimi guda. Talaka kuwa aka ce ya sayi dikodar, ɗan akwati kamar littafi, kuɗin ɗan akuya, shi zai karɓi sabon hoto ya fassara wa tsohuwar tele. A cikin garin Magaria abin ba wuya, dogon ƙarfen da ke watso hoton yana kusa, ko cokali ka ɗaura kamawa yake. Nan ne kabil ɗinku uku suke aiki.

Ƙauye ne ya kunyata ni. Na je gida biyar ko shida da dikodar a jaka. In haɗa, in fita in kama sanda in juya ta gabas da yamma, in dawo da ita, na ciki yana cewa babu. Fuskar tele baƙa ƙirin, sai wani ɗan rubutu yana yawo daga kusurwa zuwa kusurwa kamar ƙuda a ɗaki, wai ba sinyal. Ko inuwa ba ka gani, balle ka san ka kusa. Sai in share gumi in ce, “Ba ya kawowa nan, kun yi nisa.” Da bakina na faɗa. Su kuma suka yarda, tunda Ilu ne ya ce. 'Yan gwangwan suka bi ƙauyuka da kura suna sayen tsofaffin tele a kan kuɗin sabulu. A bayan tasha na ga ana fasa su da guduma don jan ƙarfen da ke ciki. Na gane wasu, akwai dalmata a jikinsu. A shekarar har gyaran tocila na yi.

Ana nan, bayan an gama kaka, wata ranar kasuwa sai ga Inna Tsahara, matar Baba Nomau, ta sauko daga motar Dungas da jar tele a ka, naɗe cikin zane. Ta tsufa, kafaɗarta ɗaya ta sauka ƙasa da ɗaya. Ta zauna a bencin nan da kuke kai.

“Ilu, autanmu Sanusi an ɗauke shi cikin 'yan kokowar jiha. Za a nuna su a tele.”

“Masha Allah, Inna. Baba fa?”

“Gwiwa ta ƙi. Daga shimfiɗa sai tabarma. Ya ce a gaya maka yana so ya ga yaron a fage.”

“Ai rediyo na kawowa.”

“Na faɗa masa. Ya ce rediyo ba ta nuna ƙafa.”

Na ce mata gaskiyar da na sani, cewa ƙauyensu ya yi nisa, kada ta ɓata akuyarta. Ta dube ni ta gyara ɗaurin kallabi.

“To ka zo ka faɗa masa da bakinka. Ni ba zan ɗauki wannan maganar a ka ba, tele ma ta ishe ni nauyi.”

Na karɓi aikin don kunya. Matsala ta farko ramin nan guda ɗaya. Dikodar da kabil uku yake magana, jar tele kuwa ta ramin anten kawai take ji. Akwai wani ɗan akwati, modilatar, da ke karɓar ukun nan ya mai da su kamar tashar da, ya tura ta ramin anten. Na samo na hannu a wajen masu kawo kaya daga kudu, na cire masa abin wutar gari na daidaita shi da batir. Na haɗa a nan rumfa, na bar dikodar ya nemo tashoshi ya riƙe. Modilatar ɗin da muryar kudu yake magana, tele ta ƙasarmu bai kamata ta ji shi ba. Sai ga murya ta fito garau. Na tsaya ina mamaki, na buɗe bayanta. Ɗan waken da na sa mata tun ina saurayi yana nan zaune a kan ƙafafunsa uku, ya yi shekaru ba abin da yake ji, yana jira.

Sanusi ya tsallake kwanakin farko ba a kayar da shi ba, a rediyo suka ji. Ranar da na isa ƙauyen a kan kabu-kabu, da tele a cinya da anten mai haƙora kamar manjagara a baya, ita ce ranar da in ya faɗi ya fita. Bayan la'asar za su shiga. Na iske Baba Nomau a tabarma a ɗakinsa, jingine da buhun gero. Mutumin da ke cika ƙofa ya koma kamar an zare masa iska, sai hannuwan kawai ba su ragu ba.

“Yaro, ka yi furfura.”

“Baba, aikin ne.”

“An ce ka ce ba ta kawowa.”

“Za mu gwada.”

“Gwada. Ni ma ban taɓa shiga fage da tabbas ba.”

Sandar antensu tana bayan ɗaki, a cikin wani bututun ƙarfe da aka binne. A jikinta na ga tsaga biyu na wuƙa. Inna ta ce ɗaya Kano ce, ɗaya tamu, ita ta yi su don kada ta yi ta nema. Na sauke sandar, na ƙara mata gora biyu, na ɗaura sabuwar anten, maƙwabta suka taya ni tayarwa. Da sabon ɗauri tsagar Inna ta tashi aiki. Na haɗa komai da batir ɗin da sola ta cika, na ce Inna ta zauna gaban tele, na fita na kama sanda.

Na juya ta yamma, wajen Magaria. “Babu,” in ji Inna ta taga. Na zarce arewa, na dawo, na kewaya da ita kamar mai tuƙa tuwo. “Babu. Ƙudan nan ne dai ke yawo.” Na canza kabil, na goge fis, na sake hawa na duba ɗauri. Muka yi azahar, na koma. Muka yi la'asar, na koma. Tsakar gida ta cika da mutane, wani ya kunna rediyo, ana jin ganguna da kirari, an ce 'yan kokowa sun fara shiga. Tafin hannuna ya yi ja. Na saki sandar na shiga ɗaki.

“Baba, na faɗa tun farko. Kun yi nisa.”

Ya dubi baƙar fuskar tele ya daɗe, sannan ya ce a kashe rediyon can, in ba zai gani ba ba ya son a ba shi labari. Na tsuguna na fara naɗe kabil.

Inna ta miƙe. “Shekara ashirin ni ke juya sandar nan. Bari in taɓa ta ko don sallama.”

Ba wanda ya hana ta. Ina jin ta ta bango. Sandar ta yi mata nauyi da gorar da na ƙara, ga kafaɗa. Ta tura ta kamar faɗin tafi, ƙarfe ya yi ƙara, ta tsaya tana numfashi. Ta sake turawa, ta tsaya, na ji ta ce wash. Ta uku ta tura, ta tsaya ta daɗe. Ina riƙe da fis ɗin batir zan zare, sai ganga ta buga a cikin ɗakin. Kafin in ɗaga kai fage ya buɗe a fuskar jar tele, fari da baƙi, tas, har ana ganin yashi yana tashi a ƙafar mutane. Ba inuwa, ba tsaki, kamar an yaye labule.

“Inna, kada ki motsa.”

“Ina zan motsa? Kafaɗa ce ta riƙe.”

A tsugunen nan na gane abin da na yi wa gida shida. Dikodar ba ya gani nan take. In anten ta fuskanci wajen da ya dace, sai ya yi shiru ya tattara abin da ya samu, kamar numfashi uku ko huɗu, sannan ya saki hoto gaba ɗaya. Ni kuwa ina juya sanda irin ta zamanin tsaki, ina jiran inuwa ta ce mini na kusa. Sau nawa na bi ta kan hoton na wuce a ranar nan, Allah kaɗai ya sani. Daga baya na gano akwai wani layi a cikin dikodar da ke nuna ƙarfin abin da ya kama, an ɓoye shi cikin rubutun da ban iya ba, shi ma kuma sai ka jira shi. Ba nisa ba ne ya kai telen mutane bakin guduma. Hannuna ne ya fi kaina sauri.

Iska na kaɗawa a ranar, sandar kuwa ta yi tsawo, in an sake ta za ta juya. Dole wani ya riƙe. Na fita na ce, “Inna, shiga ki ga ɗanki.” Na ɗora hannuna inda nata yake kafin ta cire. Na sa aka ɗauko ɓarin madubina a jaka aka jingine shi a bakin taga, ta yadda daga bayan ɗaki ina hango fuskar tele.

A cikin madubin na ga Sanusi ya shigo. Na gane shi da kafaɗun ubansa. Mata suka taru suna leƙe ta ƙofa. Abokin karawarsa gajere ne mai kauri. Suka zaga juna, suka ɗebi ƙasa suka shafa, suka kama. Ban san tsawon lokacin ba. Rana na sauka a kan karan gero, gora na kuka a sama da kaina, ga mutum biyu ƙanana kamar 'yan tsana suna ture juna a cikin madubin Maigida Abdu, a wani gari da ban taɓa zuwa ba. Sai Sanusi ya sunkuya ya ɗaga gajeren sama. Tsakar gida ta ɗauki ihu. A daidai nan iska ta bugo, sandar ta zame a hannuna kamar faɗin yatsa.

Sabon hoto ba ya dusashewa, daskarewa yake. Ganga ta yanke. Gajeren ya tsaya a sama ƙafafunsa a iska, Sanusi a ƙarƙashinsa, gefen hoton ya farfashe kamar sakaina. Wani ya ce, “Ya ɗauke shi, wallahi ya gama da shi.” Na mayar da sandar a hankali, na tsaya, ina ƙirga numfashi. A cikin shirun nan na ji muryar Baba Nomau.

“Ku bar murna. Yaron ya faɗi.”

“Haba Malam,” in ji Inna, “ba ka ga shi ya ɗaga ba?”

“Dubi dugadugin hagu. Ya bar ƙasa. Wancan ya saƙalo shi ta ciki.”

Ni a madubi dugadugin dama na gani, amma ya tashi ɗin. Numfashi na huɗu ganga ta dawo, hoto ya saki. Sanusi na zaune a yashi, gajeren na tsalle.

Mutane suka fara zamewa ɗaya ɗaya. Na ɗaure sandar da igiya a jikin turke, na buga mata dutse, na karɓi wuƙar Inna na yi tsaga ta uku. Da na shiga ɗaki na iske Baba yana kallon ɗansa ana nuna shi yana karkaɗe yashi yana fita fage.

“Sannu, Baba.”

“Da me? Na gani da idona. Da a rediyo ne da yanzu ana gaya mini alƙali ne ya cuce shi.” Ya shafa gwiwarsa. “Ƙafata ce ya gada. In ya dawo akwai abin da zan nuna masa, ko daga zaune. Ta ƙafar nan aka kayar da ni ranar da aka ba ni telen nan.”

“Ba kai ka ci ba, Baba? Ai kowa cewa yake…”

“Kowa ya so ya ce. Na biyu na zo. Na ɗaya doki aka ba shi.”

Inna ta ce daga bakin ƙofa, “Shekara guda yana mafarkin dokin nan, yana harbina cikin barci.”

Baba ya miƙa babban hannunsa ya ɗora a kan jar tele, wajen da ta yi ɗumi. “Dokin ya mutu tun ba a haifi Sanusi ba,” ya ce. “Ke ƙara mana murya, wasu za su shiga.”

A satin na bi gidaje shidan nan a kan kabu-kabu. Biyu kawai na iske ba su sayar ba, na haɗa musu, duka sun kama. Sauran huɗun na gaishe su na sha ruwa na fito, ban iya faɗa musu abin da ya kawo ni ba.

Ga sanda can a jingine, ga dikodar, ga baƙar tele a ƙarƙashin tebur mai rami ɗaya. Wanda ya ce aikin kabil uku ne ya tashi ya ɗauka, akwai wata tsohuwa a hanyar Mallawa da ke jira tun shekaranjiya. In ka je, tura sandar faɗin yatsa, ka cire gaggawa daga hannunka, ka yi salati uku kafin ka ƙara. Kuma kada in ji ka ce wa kowa ya yi nisa.